Rabin Kitson Hafsatu

Laraba da dare, Sabon Gari

Yau Hafsatu ta suma a hannun Maman Grace ana tsakiyar kitso. Kafin in rufe rumfa in iso ta farfaɗo, har tana neman tuwo. Amma labari ya riga ni zuwa gida: wai makitsiya ta tsinke gashin 'yata za ta yi asiri da shi.

Yaya Rabi, yayar maigidana, ta taso tun daga Bungudu da turaren hayaƙinta. "Sa'ade, ki raba yarinyar nan da matar nan, ba addininmu ɗaya ba."

Na ce, "Yaya, ai ita ta yi miki kitson Sallah. Me ya same ki ban da kyau?"

Na ritsa Hafsatu a ɗaki. Ashe ba ta karya ba, wai ƙawaye sun ce ta fara ƙiba. Ga rana, ga durƙuso, ga jan gashi. A asibiti likita ta saurari zuciyarta, ta ce lafiya lau, wannan kaɗai ya isa ya sumar da budurwa mai tasowa. In dai ta suma tana gudu, mu dawo da gaggawa.

Har wasu sun janye 'ya'yansu daga wajen baiwar Allah. To, gobe da kaina zan kai Hafsatu, cikinta cike da koko da ƙosai, a ƙarasa kitson a inuwa. Sannan in zare ɗankwalina gaban matan unguwa, Maman Grace ta yi mini nawa.