Hayaƙin Motar Wakil

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2014
Wani ɗan gudun hijira daga Bama, Wakil, ya turo mini motarsa akori-kura gareji. Da ita kaɗai ya tsira, da ita yake ciyar da iyalinsa a unguwar Tumfure. Injin dizal ne na zamani, mai na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, ƙofar iskar injin, da rufewarsa. Injin na sanyi ko ya sha kaya, ita ke daidaita masa numfashi, mai ya ƙone tas ba hayaƙi. Na'urar ce ta cije. Na ɗauki guduma, sai ya ce a gaban mutane, "Malam Sa'idu, a hankali, a Maiduguri ba a dukanta." To ya koma Maidugurin mana.

Laraba, 5 ga Nuwamba
Na iya gyaranta sarai, wanki ne da haƙuri. Ban ga dama ba. Na ɗaure ta da walda wuri guda. Motar za ta ja kaya, amma kullum da safe sai ta yi tari da hayaƙi kamar an hura ɗanyen itace. Ya yi ta zuba godiya. Saura kaɗan in yi dariya.

Asabar, 8 ga Nuwamba
Ya dawo, wai hayaƙi ya yi yawa, ana kallonsa. Na ce man da yake saye ne gurɓatacce. Ya yarda. Baƙo ba ya musu.

Talata, 11 ga Nuwamba
Tun da bam ya tashi a tasha kowa a tsorace yake. Da safe Wakil ya tayar da motar a bakin titin Arawa, ta yi ƙara, ta turnuƙe. Motar da lambar Borno, shi kuma ga tsagar Barebari a fuska. Wani ya ce bam ne. Mutane suka jawo shi ƙasa, suka rufe shi da duka. Ina wurin mai shayi. Ya hango ni yana cewa, "Ga makanikena can, ku tambaye shi." Na sunkuyar da kai cikin kofi. Ni ma ina da yara.

Alhamis, 13 ga Nuwamba
Wakil yana asibiti, ƙashin baya ne ya karye. A'i matata ta tambayi abin da ya hana ni cin tuwo. Na ce gishiri ya yi yawa.

Lahadi, 23 ga Nuwamba
Matarsa Kellu ta sa an jawo motar, gilasai a farfashe, wai in nemo mai saye. Ta ce, "Malam, ya ce hannunka kaɗai ya yarda da shi a garin nan." Har yanzu wawa ne.

Juma'a, 28 ga Nuwamba
Babu aiki ne kawai, shi ya sa. Na yanke waldar, na wanke na'urar, na mayar. Na tayar da motar da sanyin safiya, luf. Na kara farin ƙyalle a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya fito fari fat. Na daɗe a tsaye da shi a hannu.
Kellu ta aiko, likita ya ce Wakil ba zai ƙara taka ƙasa ba, balle tuƙi.
Ban nemi mai saye ba tukuna.