Firam Ɗin Odette

Litinin, 8 ga Mayu
Na gama waldar firam, wato ƙarafan jikin keken Odette, wanda za ta shiga gasar gangaren dutse da shi ƙarshen wata. Ya yi kyau, ko ni na faɗa. Saura gwaji. Dokar shagon nan, ni na kafa ta da bakina: wanda ya yi walda shi zai fara sauko da keken daga Gangaren Hankaka kafin a shafa fenti. In waldarka za ta ɓalle, ta ɓalle da wuyanka, ba da na mai saye ba.

Laraba, 10 ga Mayu
Ruwan sama, ba gwaji. Na ji daɗi, kuma na ji haushin jin daɗin.

Asabar, 13 ga Mayu
Na hau dutsen. Tun da na karya kafaɗa bara ban leƙa wurin ba. Na tsaya a bakin dutsen, yatsuna suka manne da birki. Wasu 'yan birnin Vancouver a kan kekuna suka wuce ni suna ihu. Ɗaya ya waiwayo: "Baba, lafiya?" Baba! Na turo keken da ƙafa har ƙasa. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Lahadi, 14 ga Mayu
Tamsin, abokiyar aikina, ta duba tayoyin ta ga ba taɓo a gefe. "Tsoho, yawo ka kai shi ko gwaji?" Ta ce in ba ta ta sauko da shi, wa zai sani? Na ce ni. Ta ce taurin kaina ya fi ƙarfen da muke yanka. Na fice na bar mata kofina.

Talata, 16 ga Mayu
Odette ta bugo mini waya. "Wendell, in nemi aron keke ne?" Na ce a'a. Na sake hawa. Na sake turowa.

Laraba, 17 ga Mayu
Na ciro sabbin bututan ƙarfe na haɗa wani firam, na yanka daidai awon Odette, na jera a teburin Tamsin. Ta daɗe tana kallonsu. Shekara da shekaru tana nan, ban taɓa bar mata firam ɗin gasa ba. Ta ce, "Naka fa?" Na ce ta kunna wuta, surutu ba ya haɗa ƙarfe.

Juma'a, 26 ga Mayu
Tamsin ta sauko da nata daga Gangaren Hankaka. Ni ina ƙasa, jingine da mota. Ta iso fuska duk taɓo, sai dariya take. Na bi kowace gaɓa da babban yatsa ina neman aibu. Ban samu ba. Na miƙa mata guduma ta buga sunanta a ƙarƙashin firam, inda nawa yake zama.
Akwai oda biyu a watan gobe, ita za ta yi waldarsu, ni in yanka. Yankan bututu ma aiki ne.