Kayan Mota Suna Falo

Abban Aminat,

Abin da na ɗauka: hular kwano, gejin iskar taya, salatif na manna lamba a ƙofar mota, ruwa gora biyu, lasisi, sallaya.

Tulin da za ka gani a falo kayan cikin mota ne. Dokar masu shirya abin ce a fitar da duk abin da zai iya motsi kafin su duba ta. Na ciro kujerar Aminat da kafet da safaya taya. Da na tuna nisan garin Manassas, inda za a yi abin, sai na mayar da safayar. Ban san ko daidai na yi ba.

Ka yi haƙuri, na ce maka darasin tuƙi ne. Tsere ne. Sai dai mota ɗaya-ɗaya ake shiga, a kewaya robobi masu tsini da aka jera a filin ajiye motoci, agogo yana ƙirgawa. To da wa ake tseren? Ni ma ban gane ba tukuna.

Hular ta ƙi shiga kan kitsona da hijabi. Bayan sallar asuba na zauna na tsefe kitson da Hajiya Bariatu ta yi mini jiya-jiyan nan. Kada ka gaya mata.

Sau biyu ina zuwa in tashe ka. Na san abin da za ka ce: mota ɗaya gare mu, kuma da ita kake zuwa aiki. Gaskiyarka. Na ja maka ƙofa a hankali.

Zan je. In Allah ya yarda, da ƙafafunta huɗu za ta dawo.

Mubaraka