Kariya Ba Ta Fure Sai da Ƙishi

Ya furen idona, inuwata a tsakar rana, raɓar da ke sauka kan yashin zuciyata!

Yayanki ya same ni a farfajiyar otal ɗin da nake yi wa dashe, hannuna dumu-dumu da ƙasa. Wai kin daina cin abinci, wai kin rame kamar tsinke, wai in dubi girman Allah in ɗaga wayarki ko sau ɗaya. Wallahi daɗi ya kama ni, har sai da na ajiye shebur na zauna!

Kin tuna kariyar da na ba ki a tukunya, mai ƙaton gindi da jan fure? Na ce miki 'yar hamada ce, yashi da rana kawai take so. Kika yi dariya, kika ce ni mugun mai lambu ne, ke ba ki iya kallon abu yana ƙishi. Safe ruwa, yamma ruwa. Me aka samu? Ganye shar, fure ko ɗaya babu. Daga baya gindin ya ruɓe, na danna shi da yatsa ya lotsa kamar tsohon tumatir. Tausayinki ne ya kashe ta, 'yar lelena.

To ni ba zan yi miki wannan kisan ba. Da nake zuwa kullum, ba hamma kike yi a gabana ba? Ba waya kike latsawa ina magana ba? Yanzu fa? Saƙonninki sun yi fure! Wanda kika ce numfashi na yi miki wuya, na haddace shi tsaf.

Kada ki zaci ba na shan wuya. Kewarki har cikin ƙashina take, yatsana yakan kai kan lambarki in janye shi da ƙyar. Amma jiya na hango ki bakin titi kina jiran mota, na ƙare miki kallo yadda nake duba shuka. Har murmushi kika yi wa wata. Da sauranki, masoyiyata.

Yayanki ya ce in ba na yi in sake ki. Ki je ina, alhali saiwarki na cikin tukunyata?

Ki daure, ki ƙara bushewa kaɗan. Na rantse ba zan kalli wata ba. Ruwana naki ne ke kaɗai, yana nan a rufe. Ranar da ganyenki na ƙarshe ya faɗi, zan zo da kofi ɗaya.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Mai lambunki