Na Sa wa Kawu Lema a Akwatin Bindiga

Gwaggo mai fili, don Allah ki cece ni, wasa ya zame mini ciwon kai. Yau kwana huɗu ban ci abincin kirki ba, ni da ake ɓoye tukunya idan an ji tafiyata.

A gidan kawuna nake zaune, yayan mahaifiyata. Yana da gonar ayaba a bayan gari wadda birai suka mayar gidan gadonsu, shi ya sa ya yanki lasisin bindiga shekara goma sha tara da suka wuce. Ba ma harbinsu yake yi ba, sama yake harbawa su watse, su dawo da 'yan'uwansu. A unguwa Baba Ƙa'ida ake ce masa, don ko titi babu mota sai ya duba hagu da dama sau biyu. Bindigar tana cikin doguwar jakarta ta fata, jakar tana cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, harsashi kuma a wani ƙaramin akwati daban. Makullin yana rataye a wuyansa da igiya, da shi yake barci. Wuri ɗaya yake cire shi: idan zai yi wanka, sai ya rataye shi a ƙusar ƙofar banɗaki don kada ya yi tsatsa. Kuma Kawu, Allah ya bar mana shi, wankansa ya fi na ango daɗewa.

Ni kuwa na yarda, hannuna yana da ƙaiƙayi. Ni na taɓa ɗinke masa ƙafar wando, ni na juya masa agogo ya tafi gona tun birai ba su farka ba. Kullum ya bi ni da takalmi, a ƙarshe mu yi dariya. To ranar Talata da safe, yana shiga wanka na zari makullin, na fitar da bindigar, babu harsashi a cikinta wallahi, na jingine ta bayan ƙofar falo inda tsohuwar lemarsa take zama, lemar kuma na zura ta a jakar na kulle. Na mayar da makulli kan ƙusa yana can yana waƙa. Nufina idan ya zo goge ta da mai bayan azahar, kamar yadda ya saba, in ga fuskarsa kawai.

Ashe ranar ce jami'an da ke zagayen duba masu lasisi za su zo, ba sallamar waya ba komai. Su biyu, namiji da mace, da takardunsu. Kawu har baki ya ƙi rufuwa, dama yana son a zo a ga tsarinsa. Ya sa aka kawo musu ruwa, ya yi musu lacca kan yadda matasan yanzu ba su san amana ba, sannan ya buɗe akwati ya zuge jaka a gabansu. Gwaggo, lemar nan maɓallinta ya lalace. Tana fitowa ta buɗe fau a fuskar jami'in. Macen ta juya baya tana danne dariya, a nan ne idonta ya faɗa bayan ƙofa.

Nan take suka sa aka mayar da bindigar akwati, suka rubuta takarda. Ni karatuna na allo ne, turancin hukuma ya fi ƙarfina, telan unguwarmu na kai wa ya fassara mini. Wai an dakatar da lasisin. Cikin kwana bakwai ya miƙa bindiga da harsashi ga 'yan sanda, cikin kwana talatin kuma ya rubuta bayanin yadda aka yi, sannan su duba ko a mayar masa ko a soke.

Ga inda abin ya daina ba ni dariya. Ranar Litinin, ana gobe abin zai faru, Kawu ya dawo daga gona cikin ruwan sama, lema a hannu ɗaya jaka a ɗaya. Sai ya yanke wa kansa cewa shi ne ya musanya su da hannunsa. Bai zargi kowa ba, ko kallona bai yi ba. Yanzu sau uku yake komawa ya taɓa ƙofa ko ya kulle, jiya na ji yana tambayar matarsa a hankali ko ta lura ya fara maimaita magana. Ya fara rubuta bayanin, na nuna wa tela a ɓoye ya ce mini abin da ke ciki shi ne tsufa ya kama shi, mantuwa ce, a yi masa afuwa.

Dabaru biyu ne suka zo mini. Ko in saɓa bindigar in kai musu da kaina in ce duk laifina ne, ko in yi shiru tunda mantuwa ba laifi ba ce, wataƙila su tausaya wa furfura. Wacce ta fi? Kuma idan na faɗa, za su rufe ni?

Naki,
Mai ƙaiƙayin hannu

*

Ɗana mai ƙaiƙayin hannu,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, har sai da na ajiye tabarau. Da na kai ƙarshen wasiƙar kuma sai dariyar ta tsaya. Dabarunka biyu duka ka zubar da su.

Ta farko: kada ka sake taɓa bindigar nan, ko da yatsa. Ba ka da lasisi. Ka ratsa titi da ita ka shiga ofishin 'yan sanda, to ka ƙara wa Kawu laifi na biyu, ka saya wa kanka na farko. Shi ma ya sani, muddin lasisi yana dakace, babu fita da ita gona, ko birai za su cinye har ganyen. Kwana uku suka rage muku, kada ku jira na ƙarshe. Ya kira ofishin da ke jikin takardar ya tambayi yadda suke so a yi, ko su zo su ɗauka ko shi ya kai. Idan shi zai kai, babu harsashi a ciki, tana cikin jaka, harsashi daban, takardar dakatarwa a aljihu. Kada ya baro wurin sai da shaidar karɓa mai lambar bindigar da adadin harsashi. Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka abin da takardarsa ta ce shi ne abin bi, ba abin da na ce ba.

Ta biyu ta fi haɗari. Dakatarwa ba sokewa ba ce, ƙofa tana buɗe. Amma mai lasisin da ya sa hannu cewa ya fara manta inda yake ajiye bindiga, da kansa ya miƙa musu dalilin rufe ta. Ba na jin akwai jami'in da zai mayar wa mai mantuwa makami don tausayi. Bayanin nan kada ya bar gida.

Gaskiya ba za ta wanke Kawu tas ba. Makulli a kan ƙusa sakaci ne, kuma za su faɗa masa. Sai dai sakaci ne mai gyaruwa: ya canja kwaɗo, ya nuna musu inda makulli zai riƙa zama inda hannu irin naka ba ya kaiwa, ya haɗa da tarihinsa na shekara goma sha tara ba tabo. Kai ma za a iya kiranka a yi maka tambayoyi, ba zan yi maka alkawarin za a shafa kanka ba. Shi ya sa ku ga lauya kafin kowa ya sa hannu a komai, ya tsara bayaninku ku biyu, a miƙa tun kwanakin ba su ƙure ba.

Amma lauya na gobe ne. Na yau shi ne dattijon da ke zaune yana zargin ƙwaƙwalwarsa a kan abin da bai yi ba. Bindiga ko ta dawo ko kada ta dawo, wannan kai kaɗai ke da maganinsa. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa, ka faɗa masa tiryan-tiryan ba tare da ka sa wasa a ciki ba. Zai yi faɗa, wataƙila ya yi mako bai amsa gaisuwarka ba. Ka jure, ka ci gaba da gaishe shi. Mutumin da aka ce masa hankalinsa lafiya lau yake, fushinsa ba ya yin nisa.

Allah ya mayar wa Kawu lasisinsa, ya ba ka ƙarfin guiwar buɗe baki yau ɗin nan.

Gwaggonka