Kifinka Ɗaya Bai Fito Ba

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya a Legas, kana kuma tsare sallarka a kan lokaci. Na sa ƙanwarka Hauwa ta ɗora wannan a shafinta ne saboda tun da ka bar gida ba ka ɗaga wayata, amma ta ce duk abin da ta saka kana gani. Idan ka ji kunyar abokanka su karanta, kai ka jawo.

Mun tashi daga Jikwoyi. Mai gidan zai rushe ya yi shaguna, kawunka ya samo mana wani a Tungan Maje. Duk kayan gidan babu abin da ya ba ni wahala kamar akwatin gilashin da ka bari a falo, da 'yan kifayenka na tafkin Tanganyika da ba su kai ɗan yatsana ba.

Ra'ayina bai canza ba. Namiji mai digiri ya ƙi aikin ma'aikata da abokin marigayi babansa ya nema masa, ya tafi kiwon kifin da ba a ci, wannan ba tunani ba ne. Na faɗa a gabanka, ina kuma maimaitawa. Amma rai ka bar min a gida, kuma Allah zai tambaye ni a kansu.

Ranar tashi, na kwashe waɗanda nake gani da 'yar ragarka na zuba a bokiti. Sai na tsince tarin katantanwar nan da ke ƙasan akwatin, ƙwanso ne kawai ba mai rai ba, duk sun yi kore. Ka san ni, ba na shiga sabon gida da datti. Tabarma, tukunya, turmi, komai sai an wanke an shanya. Na jera su a faifai na kai bayan gida cikin rana, in sun bushe in goge su.

Ba ka taɓa gaya min cewa in kifin ya tsorata can ciki yake shigewa ya lafe ba. Kullum cewa kake, “Umma, katantanwa ce gidansu.” Ni na ɗauka irin zancenka ne.

Hauwa ce ta leƙa bokiti ta ga ba su cika ba. Muna cikin duba ƙasa ko sun yi tsalle, sai na ji ƙwas-ƙwas a faifai. Katantanwa ce take motsi ita kaɗai. Ban san lokacin da na suri faifan na juye a bokitin ba, ko mayafi babu, masu loda kaya suna kallona. Ɗan ruwan da ya maƙale a ciki ne ya riƙe su.

A sabon gida mun yi yadda Hauwa ta tuna kana yi. Yashi mai laushi, an ɗauraye ba sabulu. Tsohon ruwansu da muka ɗauko a jarkoki muka fara zubawa, muka cika da na rijiyar burtsatse, tunda ka ce na famfo akwai magani. Soson nan na injin tace ruwa, baƙi ƙirin, hannuna har ƙaiƙayi yake in wanke shi, Hauwa ta rantse ka hana. Na bar shi. Wutar unguwar nan kuma ba ta zama. Duk sanda aka ɗauke, injin ya yi shiru, sai in ɗauki kofi in riƙa ɗiban ruwan ina kwararawa daga sama har kafaɗata ta riƙe.

Na jera musu katantanwa layi-layi, tsaf. Kafin gari ya waye sun tone yashin, sun binne wasu, sun karkata wasu, sun tara tudu a jikin gilashi. Kamar ɗakinka. Ban gyara ba.

Ranar da ka fara kawo su, kana zaune a ƙasa ka ce, “Umma zo ki ga, da baki take ɗiban yashi.” Ina da girki a wuta lokacin. Yanzu na gani. Ta cika baki, ta je gefe ta tofar, ta dawo, ba gajiya.

Duk sun fito suna cin abinci, sai ɗaya. Babbar nan mai zane a jiki, wadda take tsayawa a bakin katantanwarta tana korar kowa, wadda ka sa wa suna Hajiya Mai Faɗa. Kada ka ɗauka ban san da wa kake ba. Tata ce a gefen faifai, inda rana ta fi bugawa. Tun ranar ban ga ko jelarta ba.

Hauwa ta karanta a waya cewa in ta mutu a ciki za ta ruɓe ta ɓata ruwan, sauran su bi ta. In kuma tana da rai, tsoro ne ya riƙe ta, na ɗaga na girgiza, zan iya ƙarasa ta da hannuna. Na sunkuya na shinshina ruwan, ban ji komai ba, amma hancin nawa ba na da ba ne. Jiya har rafkanwa na yi a sallar la'asar, hankalina yana falo.

Maganar aiki tana nan, za mu yi ta wata rana. Yau abu ɗaya nake tambaya: in ɗaga ko in bari? Wayata za ka kira, ba ta Hauwa ba. In gaisuwar ce ta yi maka nauyi, ka faɗi amsar ka kashe, ya ishe ni. Ba zan taɓa katantanwar nan ba sai na ji daga bakinka, kuma kai ka fi ni sanin ruwan ba zai jira ba.

Allah ya tsare min kai a garin mutane, ya haɗa ka da abokan kirki, ya ciyar da kai halal. Ita kuma wadda ke ciki, in da sauran kwananta, Allah ya fito da ita.

Mahaifiyarka,
Umma