Ƙoren Miriyamu da Sunayen Masu Zanen

Ni Miriyamu, mai zanen ƙwarya a nan Mubi, matar marigayi Vandi, na rubuta wannan da hannuna a watan Nuwamba na 2016. Ciwo ya ci jikina, amma hankalina daram yake, kada wani ya ce gigin tsufa ne. 'Ya'yana Aaron, Roda, Purity, ku karanta tare.

Na ɗaya. Gida na ku uku ne, ba na sayarwa ba. Gonar ƙauyenmu Duvu kuma a ci gaba da shuka duma a gefenta ko da ba mai zane, don tun kakata ake yi.

Na biyu. Wuƙaƙen zanena bakwai da kaskon garwashi na Roda ne. Hannunta yana da nauyi, takan ƙona ƙwarya har ta huje, amma tana da haƙuri. Roda, ki riƙe ƙa'idar da na taras: zanen da wata ta ba ki, sunanta yake ɗauka, kuma ba ki miƙa wa mai saye ƙwarya sai kin faɗi sunan. Ladan mai zanen ke nan, ba ta da wani.

Na uku. Ku san inda na samo zane ukun da na fi so a ƙarshen rayuwata, domin da su na farfaɗo bayan gudun hijira. Sawun zabi na Dada Fatimatu ne, tsohuwar Bafulatanar Mayo Bani. Shekara ashirin ina roƙonta tana ja mini rai, sai ana saura mako biyu 'yan bindiga su shigo Mubi ta zaunar da ni ta nuna mini. Har yau ba a san inda ta faɗi ba. Reshen lalle na Adiza ne, matar Mahamat mai turare, mutanen Borno. A Kamaru ta zana mini shi da tsinke a ƙasa, muna jiran a raba masara, zazzaɓi yana kaɗa ta. Can muka baro kabarinta. Na ukun kuwa a tokar ɗakinmu na Duvu na tsinto shi da muka dawo, a jikin wani ɓallin masaki da bai kai tafin hannu ba. Aikin kakata ne, wadda Roda ta ci sunanta. Wata huɗu ina juya ɓallin nan kafin na gane yadda layin yake komawa. Ranar da na gane, rawa na yi a tsakar gida, da tsufana.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Aaron, ina kwance a asibiti ka kwashe ƙorena goma sha ɗaya, ka ce za ka adana mini saboda gara. Ashe Yola ka kai su wurin wata ƙungiya, ka ce aikin matan gudun hijira ne da kai ka koya musu cikin mako uku. Mako uku! Kai da ko ludayi ba ka taɓa kankarewa ba. Suka ɗauke ka aiki, suka buga hoton sawun zabi da sunanka a ƙasa. A wayar Purity na gani, ina jin ta tana ƙoƙarin ɓoyewa. Da ɓarawo ne ya haura katanga, da na ce kaico na yi shiru. Amma kai na goya, kuma a gabanka na yi kukan Adiza. Ka ci amanata, ka ci ta matattu waɗanda ba su da bakin magana. Abin ya fi mini ciwon da ke jikina zafi, gara in faɗa maka tun ina da numfashi.

Ban ce ka bar aikin ba, kana da iyali. Amma ka koma ka gaya musu gaskiya, a cire sunanka a sa na masu shi. In sun kore ka, Allah da ya ciyar da mu a kan dutse lokacin gudu bai mutu ba.

Na biyar. Roda, wata takwas ke nan ba ki gaisa da yayanki Aaron ba. Ya isa. Laifin ni ya yi wa, ba a gadon fushi. Purity, ke kuma ki daina rufa wa mutum asiri a kan abin da zai kashe shi.

Na shida. Ranar jana'izata kada a yi dogon tarihi. A gayyato Mahamat da dangin Dada Fatimatu, a ba su wuri mai kyau. Kafin a sauke ni, Aaron zai tsaya gaban jama'a ya faɗi zane ukun nan da sunan mai kowanne, da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya tsare ku daga ganin irin abin da muka gani. Ku riƙe juna, ku ci Kirsimeti a gida ɗaya. Aaron, albarkata tana kanka kamar ta 'yan'uwanka, ban rage ko kaɗan ba. Gafarata ce kawai na bari a bakin kabari, sai ka zo da bakinka ka ɗauka.